Ƙugiya Marar Ido

Shekara shida na yi a New York ban ji mahaifina ya yi min maganar da ta wuce gaisuwa ba. In na kira gida Inna ce ke ɗauka, ta bi shi da wayar har inda yake zaune. Ya ce lafiya, in ce lafiya lau, ya tambayi sanyi ko da kuwa a tsakiyar zafi muke, sai ya ce, "To, ga ta," ya mayar mata. Wanda bai san mu ba zai ce ai al'ada ce, tunda ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu a Yawuri ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zaman hira da shi, ko ido ba a cika haɗawa ba. Ni ma da haka nake rarrashin kaina. Amma na san akwai wani abu a ƙarƙashin kunyar nan, don da bakina na ajiye shi.

Mu Sarkawa ne, kogi ne gonarmu. A gidanmu akwai wani ɗaurin ƙugiya da ake yi wa mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi barkatai da ake shimfiɗawa a ruwa. Ƙugiyoyin ba su da idon da za a zura zare, an dai daka kansu ya yi faɗi, saboda haka a jikinsu ake naɗe zaren, kuma kowane gida da irin naɗinsa. Ƙanen uba ne ke koya wa ɗan fari, ni kuwa baffana ya rasu tun ina firamare. Shi ya sa shekarar da na gama sakandare Baba ya haɗiye kunyarsa, a bakin kogi, a gaban mutane, ya miƙo min ƙugiya da zare ya nuna min wuri kusa da shi. Na ce masa ban yi boko don in ƙare da ƙarnin kifi ba. Ya mayar da ƙugiyar cikin gwangwaninsa ya rufe, kuma tun daga ranar bai sake yi min zancen ruwa ba.

Da jaka biyu na sauka a filin jirgin sama, ɗaya ta tufafi, ɗaya ta bandar tarwaɗa da Inna ta matsa sai na taho da ita. Tun daga Abuja nake jin kunyar jakar nan, duk wanda ya taɓa hancinsa sai in ga da ni yake. Wanda ya zo tarbata wani ɗan garinmu ne da ake ce wa Sani Dala, mai zobe a yatsu uku da murya mai daɗi. Tun a mota ya shinshina ya girgiza kai, ya ce a ƙasar nan laifi ne ajiye busasshen kifi a ɗaki, 'yan sanda suna da karnukan da aikinsu ke nan, amma saboda zumunci zai san yadda zai yi ya zubar min da shi. Har godiya na yi masa. Ya sauke ni a bakin wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa kusa da Fordham Road a yankin Bronx, ya ce in jira shi gobe da maganar aiki. Goben nan har yau ba ta yi ba.

Bayan mako guda na shiga wani shagon 'yan Afirka neman garin tuwo, sai ga bandar a kan kanta, an jera ta a faranti. Ban yi shakka ba, don Inna ce kaɗai na sani da ke lanƙwasa tarwaɗa ta soke wutsiyar da tsinke sau biyu. Na daɗe a tsaye ina shaƙar hayaƙin gidanmu. Mai shagon ya tambayi guda nawa za a sa min, na ce kallo kawai nake yi, na fita. A bakin titi, tsakanin masu sayar da turare da masu kiɗa, kewar gida ta kama ni a karon farko, ta kama ni sosai har sai da na jingina da bango.

Ɗakin da aka jefa ni na Alhaji Mamane ne, wani dattijo ɗan Tawa ta Nijar da ke kasa huluna da safar hannu da lema a bakin titi. Mu shida ne a ciki, gado uku, ana barci bi da bi. Bai san ni ba, bai san ubana ba, amma da ya ga rigar da na zo da ita sai ya jawo wata ƙatuwar rigar sanyi daga ƙarƙashin gado ya yafa min, ya ce mai ita ya koma gida. Shi ne kuma ya samo min aiki, kuma da ya zo gaya min sai da ya zauna don dariya, saboda na riga na ba shi labarina. Wani shagon ɗanyen kifi ne ke neman mai gyarawa.

"Bon, ƙanena," ya ce da ɗan Faransancinsa, "ka tsere wa kifi ka hau jirgi, ashe ya riga ka samun biza."

Shekara uku ina kankare ɓawo ina fasa ciki. Mai shagon ya ce bai taɓa ganin mai riƙe wuƙa irina ba, ya tambayi inda na koya, na ce ban koya ba. Gaskiya na faɗa, kallo kawai na yi ina yaro, hannuna ya ajiye ba da sanina ba. A ɗakin Alhaji akwai bututun ɗumama gida da ya ratsa ta saman gadona, da asuba ruwa yakan riƙa gudu a cikinsa. Tsakanin barci da farkawa sai in ji ni kwance a kwale-kwale, kogi na wucewa ta ƙarƙashin bayana, ana kiran salla daga wancan ƙetaren. In buɗe ido in ga takalman mutane suna wucewa ta 'yar tagar da ke daidai da titi.

Ran hutuna na samu wata sana'a ta marasa aikin yi. Nakan hau jirgin ruwan da ke zuwa St. George, wata unguwa a ƙetaren ruwa, in je in dawo, in sake komawa, alhali ba wanda na sani a can. Ina tsayawa a baya ina kallon farin kumfa. Ruwan ba irin namu ba ne, na gishiri ne, ba ya warin laka, ba kuma mai ɗaga maka hannu daga wani jirgin ya tambayi mutanen gida. Amma in aka zo tsayawa, ma'aikatan suka naɗe igiya mai kaurin cinya a jikin ƙarfe, sai in ji yatsuna suna motsi a cikin aljihu. Lokacin ne takarduna na neman izinin zama suka shiga hannun hukuma, lauya ya ce in na kuskura na fita ƙasar kafin a gama, to in yi sallama da dawowa. Ga ruwa shimfiɗe har gida, ga ni ba halin tafiya.

Daga nan sai Jamaica, ba ƙasar ba, wata unguwa a yankin Queens kusa da filin jirgi. Na samu aikin loda kwalaye a wani sito, aikin dare ne, muna tashi da sassafe. Na fi shekara biyu a unguwar kafin wata safiya, lokacin zafi, na ƙi hawa mota na yanke ta cikin wani lambu, sai kawai na ga tafki. Baisley ake ce masa. Farin tururi na tashi daga kansa a hankali, kififiya uku sun hau kututture suna jiran rana, wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya bai damu da kowa ba. Kuma ga bado, wallahi bado irin namu, ya rufe rabin ruwan da faffaɗan ganyensa. Jiragen sama suna wucewa ƙasa-ƙasa, inuwarsu na ratsa ruwan kamar manyan kifaye. Na tsaya na manta da gajiya.

A bakin ruwan wata tsohuwa ce baƙar fata zaune a kan bokitin da ta kife, da hular maza da sandar fatsa. Ban taɓa ganin mace da fatsa ba, saboda haka na yi abin da ƙauyawa ke yi, na tsaya ina kallonta baki buɗe. Ba ta ko juyo ba ta ce inuwata tana korar mata kifi, in dai kallo zan yi to in zauna. Sunanta Mis Loretta, shekara talatin ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci, yanzu ta yi ritaya ta koma ciyar da kifi tanar roba. Da na ce sunana Isuhu ta gwada sau biyu ta haƙura, ta ce Jo za ta riƙa kirana.

Kifin da take nema sunansa bas, mai ƙaton baki, kore-kore, da baƙin zane a gefe. Ni dai ina ganinsa na ce ƙanen giwan ruwa ne da aka kawo Amurka yana ƙarami. Ta sa na yanki lasisi, ta ara min tsohuwar sandarta, ta koya min ɗaurinsu na ƙugiya mai ido: ka ninka zaren biyu ka zura, ka ƙulla sako-sako, ka sa ƙugiyar ta bi ta cikin madaukin, ka ja. Zaren nasu na roba ne, siriri, mai santsi, in ba ka yi hankali ba sai ya zame ya bar ka da kunya. Ta nuna min yadda ake jefa tanar a gefen ganyen bado, a bar ta ta nitse, a ɗan girgiza, a jira. Ta ce bas malalaci ne mai girman kai, ba ya bin abinci, sai dai abinci ya zo ƙofar gidansa.

Ranar da na kama na farko jikina ya riga tunanina. Na yi bisimilla, na danne shi da gwiwa, ina waige-waigen dutsen da zan buga masa a ka. Mis Loretta ta taso da saurin da ban zaci tana da shi ba ta riƙe min hannu. Ta ce a tafkunan garin nan ba a tafiya da kifi, doka ce, kama shi za ka yi ku gaisa ka mayar. Ta jiƙa hannunta, ta riƙe shi ta leɓen ƙasa, ta zare ƙugiyar, ta sa shi a ruwa. Na bi shi da kallo ina jin kamar an ɗauke min kwanon abinci daga gabana.

Da na ba Inna labari a waya ta yi ta salati, ta juya tana maimaita wa Baba. Sai na jiyo muryarsa daga gefe, ba da ni yake ba, da ita yake, amma a kan maganata. Ya ce mutanen da Allah zai ba su su mayar masa, waɗannan ƙoshi ya yi musu yawa. Sannan ya ce ta tambaya, kifin nan mai ɓawo ne ko mai santsi. Tunda na zo ƙasar nan tambayar farko ke nan da ta fito daga bakinsa wadda ba ta sanyi ba. Na amsa wa Inna cewa mai ɓawo ne, ta maimaita masa, duk da cewa ya ji da kunnensa.

A ranar ne Inna ta shige ɗaki da wayar ta rage murya. Tafiyata ta sa ta ajiye rabin kunyarta, tana min magana sosai, suna ne dai har yanzu ba ta kira. Ta ce hannuwan Baba sun fara ƙi. Yatsu biyu na dama sun sandare, sauran ma sai rana ta take sun sha zafi suke lanƙwasuwa. Ya daina ɗaura mamari, ƙannena kuma duk mata ne, suna gidajen mazajensu. Da tsakar rana yakan ɗauko gwangwanin ya ɗaura ƙugiya ɗaya, ya kwance, ya sake ɗaurawa, shi kaɗai. Likita ya ce in sanyin bana ya shigo, da wuya ko wannan ya iya.

Na ce ta roƙar min shi ya koya min. Ta ce za ta gwada. Wata guda ba amsa. Sai ran nan Alhaji Mamane ya kira ni ya ce wani ɗan'uwansa da ya dawo daga gida ta Kamba ya taho min da saƙo daga Yawuri, in zo in karɓa kafin ya buɗe ya ga ko zinari ne. Kwalin ashana ne an naɗe da tsumma, a ciki ƙugiyoyi goma sha biyu marasa ido. Ba wasiƙa, ba saƙon baki. Na zauna a jirgin ƙasa daga Bronx har Jamaica da kwalin a tafin hannuna, ban ma san lokacin da muka iso ba.

Mis Loretta ta juya ƙugiyar a hannunta ta ce kakanta a Carolina yana da irinsu. Ta sa filaya ta danne ɗan haƙorin da ke bayan tsinin, don shi ma doka ta hana, yana yaga bakin kifi. Ni da Inna muka tsayar da Asabar don kiran bidiyo, ƙarfe bakwai na safe a nan, sha biyun rana a Yawuri, daidai lokacin da yatsunsa ke sakewa.

Asabar ta farko na jingina wayata a jikin bokitin Mis Loretta, Inna ta jingina tata a jikin turmi, Baba ya zauna a gabanta. Rabona da ganin fuskarsa sosai tun a gida. Ya tsufa, gemun ya yi fari fat. Bai dubi wayar ba. Ya kawar da kai gefe, ya ɗaga hannuwansa kawai, ya ɗaura kamar mai son a gama a tashi, ni kuma ina kwaikwayo. Ya ɗaga nasa, na ɗaga nawa, ya saci kallo ya ce, "A'a." Ya sake, na sake, ya ce, "A'a." Kalmar da na samu ke nan ranar, da Asabar ta biyu. A ido ɗaurina da nasa ba su da bambanci, amma da na ja da ƙarfi sai zaren ya sulale ya bar ƙugiyar tsirara.

Asabar ta uku na ga kamar na samu, har na yi ƙarfin halin jefawa yana kallo. Ban daɗe ba ganyen bado ya motsa, zaren ya fara tafiya gefe shi kaɗai, na fizga, sandar ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ruwa. Wani ƙaton bas ya yi tsalle, ya buɗe bakin nan ya girgiza kai, rana ta haska shi, sannan komai ya yi sako-sako. Na naɗo zaren. Bakinsa ya nannaɗe, Mis Loretta ta duba ta ce ba tsinkewa ya yi ba, ƙullin ne ya warware. Kifin ya tafi da ƙugiyar Baba a bakinsa. Na ji Baba yana ce wa Inna a daina wahalar da yaro, hannunsa na biro ne, shi ma nasa sun gaji. Ya dafa ƙasa ya tashi, na ga ƙafafunsa suna fita daga hoton.

Na zauna a kan ciyawa duniya ta yi min zafi. Tsoro nake ji. Sau biyu ke nan ya miƙo min abin nan, na farko na ƙi, na biyu na kasa, kuma ban ga ta inda na uku zai fito ba. Mis Loretta ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma Asabar uku tana leƙen wayar ta gefen ido.

"Jo, gaba da gaba kake kallonsa," ta ce. "Zaren da ya bi ta ɓangarensa, kai ta bayan ƙugiya kake ganinsa, sai ka bi ta baya. Ba a koyon ƙulli ta fuska. Kakana a bayana yake tsayawa. Ka ce ya juya maka baya, a riƙe wayar ta saman kafaɗarsa."

Da na faɗa wa Inna ta ce a'uzubillahi. Wato ita, da girmanta, ta tsaya manne da bayan Malam a tsakar gida da rana tsaka, maƙwabta na shiga suna fita? Kusan shekara arba'in da aure ko tabarma ɗaya ba ta taɓa zama da shi a idon mutane ba. Na yi ta magiya. Ta ce ba ta yi alkawari ba, kuma shi ma ya ce ya gama.

Asabar ta huɗu na je tafkin ban san ko za a ɗauka ba. An yi yayyafi da asuba, kowane ganyen bado da ɗigon ruwa a tsakiyarsa. Na kira, ta daɗe tana ƙara, sannan hoto ya buɗe yana rawa: sama, katanga, wata akuya, sai gefen hular Baba da kunnensa. Na ji Inna tana cewa ta sa sakata a ƙofar gida, duk wanda ya zo ya yi ta sallama. Ta ɗora hannunta a kafaɗarsa, hoton ya tsaya. A ƙasa ga hannuwansa biyu a kan gwiwoyinsa, sun fuskanci inda nawa suka fuskanta, kamar daga jikina suka fito. Na ga yatsun biyun da suka sandare, na ga tsofaffin tabon zare.

"Kwantar da zaren bisa bayanta," ya ce. "Danne da babban yatsa. Kar ka matse, ba gudu za ta yi ba."

Na ɗauka da Inna yake. Sai da ya maimaita na gane da ni yake, kai tsaye, ba ɗan aike. Tunda ba ya ganin fuskata, ni ma ba na ganin tasa, sai kunyar ta rasa wurin zama. Ya sa na yi madauki, muka naɗa tare yana ƙirgawa, ɗaya, biyu, har bakwai, a hankali saboda yatsunsa. A na bakwai na ga abin da ya ɓuya min mako uku. Bakin zaren ta ɓangarena yake dawowa, ya shige ƙarƙashin naɗi biyu na ƙarshe, ni kuwa ta baya nake kai shi.

Bai tsaya nan ba. Yana kwancewa yana sake ɗaurawa, magana na fitowa. Ya ce baffansa ne ya koya masa a kan wani tsibiri, kuma sai da ya sha ranƙwashi kwana tara kafin ya iya, don haka in daina ganin kaina daƙiƙi. Ya ce akwai shekarar da giwan ruwa ya ja su, shi da marigayi ƙanensa, tun hantsi har la'asar, igiya ta yanyanke musu tafin hannu, amma ɗaurin bai motsa ba. Ya ce shi har ya kai shekara goma sha biyu tsoron ruwa yake ji, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Inna ta ce ko ita yau ta fara ji. Jirgi ya wuce ta kaina, ya tambayi abin da ke ruri haka, na gaya masa. Ina zaune a Queens, amma zafin ranar Yawuri nake ji a wuyana.

Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na ce, "Baba, maganar da na yi maka a bakin kogi, ka yafe min." Hannuwan suka tsaya. Na jiyo kukan kurciya ta can, na jiyo numfashin Inna.

"Jiƙa zaren da yawu kafin ka ja," ya ce. "In ka ja shi busasshe, ƙonewa shikan yi."

Na jiƙa, na ja. Ya ce in maƙala ƙugiyar a wani abu mai ƙarfi in ja har sai ɗaya ya saki. Na maƙala a ƙarfen benci, na naɗe zaren a hannun rigata, na ja da iya ƙarfina. Zaren ya tsinke a tsakiya. Ƙugiyar na rataye a benci, naɗi bakwai suna nan daram. Inna, wadda ita ce ke ganina, ta gaya masa. Bai yaba ba, bai kuma amsa roƙona ba. Ya dai ce kifin farko da sabon ɗauri ya kama na wanda ya koyar ne, haka aka gada, sannan ya ce hannunsa ya gaji.

Wannan magana ta hana ni sukuni. Kifin nasa ne, doka ta ce na tafki ne, ga teku a tsakani, kuma na san ra'ayinsa a kan masu mayar wa Allah kyauta. In na sake shi na zubar masa da haƙƙinsa a kan idonsa, in na ɓoye shi a jaka aka kama ni, lauya ya riga ya gargaɗe ni cewa ko ƙaramin laifi yana iya ɓata min takardu. Mis Loretta ta ce ita ba za ta kai ƙarata ba, amma za ta karɓe sandarta. Alhaji Mamane ya ce in kai masa kawai, shi zai ci a madadin dattijo.

Kwana goma sha ɗaya ina zuwa ko taɓa tanar ba a yi ba. Ran na sha biyu ruwa ya kwanta luf, gajimare na yawo a cikinsa, sai na ji zaren ya yi nauyi. Wannan karon ban fizga da hauka ba. Ya ja, na ba shi, ya shige bado, na lallaɓo shi, ya yi tsalle sau biyu, ɗaurin yana nan. Da na kawo shi gaɓa na jiƙa hannu na riƙe shi ta leɓe, Mis Loretta ta danna min kiran ta riƙe wayar. Bai kai wanda ya tsere ba, amma tsawonsa ya yi kamu ɗaya cur.

Inna ta ɗauka ta ruga da wayar. Ba lokacin juya baya. Baba ya kawo fuskarsa kusa har sai da hancinsa ya cika hoton, sannan ya ja da baya. Ya daɗe yana duban kifin, ya ce in juya shi, ya ce in buɗe bakin ya ga inda ƙugiya ta kama. Sannan ya ɗago ido ya dube ni.

"Wanga nawa ne?"

"Naka ne, Baba. Amma ba a bari a fita da shi, kuma ba ya daɗewa a waje."

Gefen kan kifin yana buɗewa yana rufewa, ina jin ƙarfinsa yana raguwa a hannuna.

"To tunda nawa ne, ni ke faɗin yadda za a yi da shi," ya ce. "Bai gama girma ba. Mayar min da shi, na ba ka kiwo. Ka riƙa zuwa kana duba min shi, kana kawo min labari, ni da kaina."

Na durƙusa na sa shi a ruwa, ina tallafe da shi har ya dawo hayyacinsa. Ya ɗan tsaya a tafin hannuna, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya shige ƙarƙashin bado. Idona ya cika, ban ɓoye ba. Baba ya tambaya ta ina ya bi, wajen zurfi ko wajen ciyawa, kuma ƙasan tafkin laka ne ko yashi. Na goge hannuna a wando, na karɓi wayar daga hannun Mis Loretta, na zauna a bakin ruwan na fara ba shi amsa.